Amburwas Fare, Wanzamin da ya Zama Likitan Sarakuna

A ƙasar Faransa, wajen shekara ɗari biyar da suka wuce, an yi wani mutum wai shi Amburwas Fare. Faransawa suna rubuta sunansa Ambroise Paré. Ba ɗan sarauta ba ne, ba ɗan malamai ba ne, bai kuwa taɓa zama ɗalibi a jami'a ba. Sana'arsa ta fari wanzanci ce. Amma kafin ya bar duniya sai da ya yi wa sarakunan Faransa huɗu aikin likita, ɗaya bayan ɗaya, ya kuma sake hanyar da a ke bi wajen jiyyar masu rauni.

An haife shi wajen shekara ta 1510, a wani ƙauye kusa da garin Laval, yamma da birnin Faris. Ya sami ɗan karatu da rubutu cikin harshensu na Faransanci, amma bai koyi harshen Latin ba. Ku riƙe wannan magana ta Latin, gama za ta sake ɓullowa a gaba. Da ya tasa sai aka sa shi koyon wanzanci.

Kafin mu bi shi, bari mu dubi yadda sha'anin magani ya ke a Turai a zamaninsa. Ilmin likita duk a cikin tsofaffin littattafai ya ke. Babban malaminsu shi ne Galen, wanda malamanmu suka sani da sunan Jalinus, wani likita Bayunane da ya zauna a birnin Rum shekara dubu da ɗari uku kafin a haifi Fare. Bayansa sai Ibn Sina, wanda ya rasu a shekara ta 1037, aka juya littafinsa Alƙanun zuwa Latin, ana karantar da shi a jami'o'in Turai. Waɗannan manyan masana ne ƙwarai, sun kuwa yi wa duniya aiki. Inda aka ɓata shi ne, na baya suka ɗauka magabata sun gama sanin kome, ba sauran abin da za a ƙara. In littafi ya faɗi abu, ido kuwa ya ga wani abu dabam, sai a ce ido ne ya yi kuskure.

Littattafan sun koyar cewa akwai ruwa iri huɗu a jikin mutum: jini, da majina, da ruwan matsarmama rawaya, da wani baƙi. Wai in sun daidaita mutum yana lafiya, in ɗaya ya rinjayi sauran sai ciwo ya tashi. Saboda haka kusan kowace cuta maganinta ɗaya ne, watau a tsaga jijiya a rage jini, ko a ba da maganin amai, ko na wankin ciki. Ba wanda ya san ƙwayoyin cuta, gama ba a ƙago madubin da ke nuna su ba tukuna.

Masu yin magani a birnin Faris kashi uku ne. Na sama su ne likitocin jami'a. Da Latin su ke karatu, da shi su ke gardama. Su kan dubi fitsarin majinyaci, su taɓa hannunsa, su rubuta magani, amma ba su taɓa miki, don a ganinsu aikin hannu ƙasƙanci ne. Na tsakiya su ne waɗansu likitocin fiɗa 'yan kaɗan, masu dogayen riguna, su ma da ɗan Latin ɗinsu. Na ƙasa su ne wanzamai. Kun san aikin wanzami a ƙasarmu bai tsaya ga aski ba, ya kan yi ƙaho, ya yi tsaga, ya yi sakiya. To, haka na Faransa su ke, har sun fi, gama su ke cire haƙori, su ɗinke sara, su yi ɗori, in ta kama su yanke hannu ko ƙafa. Kun ga abin mamaki ke nan: mai karatu ba ya taɓa miki, mai taɓa miki kuwa ba ya iya karanta littafin.

Wajen shekara ta 1533 Fare ya sami aiki a babban asibitin Faris, wanda a ke kira Otel Diyo, watau Masaukin Allah. Asibitin matalauta ne, kullum cike ya ke maƙil, har a kan kwantar da mutum uku ko huɗu a gado guda. Ya yi wajen shekara uku a can yana wanke miki, yana ɗaurewa, yana taimako wajen fiɗa, yana kuma duba cikin gawa don ya san yadda aka shirya jikin ɗan Adam. Ya ga cuta iri iri da idonsa, wadda da yawa cikin malaman jami'a sai a takarda kurum suka san ta. Wannan asibiti shi ne makarantarsa.

A lokacin nan Faransa tana yawan yaƙi, bindiga kuwa ba ta daɗe da yaɗuwa ba. Raunin takobi ko na kibiya abu ne da aka saba da shi tun kaka da kakanni, littattafai sun yi bayaninsa. Amma harsashin bindigar zamanin nan curin dalma ne babba. In ya sami mutum sai ya daddage nama, ya farfasa ƙashi, ya tura tsumman riga da datti can ciki. Bayan 'yan kwanaki wurin ya kumbura ya ruɓe, mutum ya mutu. Jalinus bai taɓa ganin bindiga ba, balle ya faɗi maganinta. Da likitoci suka ga yadda raunin ke ruɓewa, sai suka ce lalle albarushi dafi gare shi. Wani mashahurin likitan Italiya, Jobanni da Bigo, ya rubuta cikin littafinsa na shekara ta 1514 cewa a ƙone dafin da tafasasshen mai. Nan da nan kowa ya kama. Soja ya sha harbi, a ɗauko shi, a danne shi, a tsiyaya masa mai yana tafasa a cikin raunin. Ku tuna fa, babu maganin sa barci a zamanin, mutum yana ji yana gani a ke yi masa.

A shekara ta 1537 Fare yana tare da rundunar Faransa da ta haye duwatsu ta shiga Italiya, wajen birnin Turin, yana yi wa wani babban sarkin yaƙi mai suna Montejan aiki. Wannan ne yaƙinsa na fari. Bai taɓa jiyyar raunin bindiga ba, saboda haka ya leƙa ya ga yadda manya ke yi, shi ma ya dafa mansa ya bi sahu.

Ran nan aka yi wani mugun faɗa wajen cin wata ganuwa, masu rauni suka yi yawa, har man Fare ya ƙare, ga kuwa sauran mutane a kwance suna jira. Ba yadda zai yi. Sai ya ɗauki gwaiduwar ƙwai, da man wardi, da ƙaron wani itace wanda a ke kira tarfentin, ya kwaɓa su, ya shafa wa sauran da sanyinsa, ya ɗaure. Daren nan bai iya barcin kirki ba. Yana ta tunani, ya tabbata zai tarar da mutanen nan sun mutu da dafi, alhakinsu kuwa yana wuyansa. Tun da asuba ya tashi ya tafi duba su.

Abin da ya gani ya ba shi mamaki. Waɗanda bai ƙona ba sun sami barci, zafin kaɗan ne, raunin bai kumbura ba. Waɗanda aka zuba wa tafasasshen mai kuwa suna fama da zazzaɓi, raunin ya kumbura ya yi ja, suna ta nishi. Ga mutane kashi biyu, yaƙi ɗaya, irin rauni ɗaya, dare ɗaya, bambancinsu magani kurum. Daga ran nan Fare ya ƙudura a ransa ba zai ƙara ƙona wanda aka harba ba.

Lalle ƙarewar man nan ba dabararsa ba ce, katari ne. Watakila ma man ya taɓa ƙare wa waɗansu wanzamai kafinsa, suka nemo wani da safe suka ci gaba da ƙona mutane. Abin da ya raba Fare da su shi ne ya tsaya ya duba, ya gwada wannan da wancan, da ya ga littafi ya saɓa da abin da ke gabansa sai ya bi idonsa. Gani ya kori ji.

Tun yana Italiya ya sake yin irin wannan gwaji, amma yanzu da niyya. Wani yaron kuku ya faɗa cikin tukunyar mai ya ƙone. Fare ya tafi sayen magani, ya gamu da wata tsohuwa 'yar ƙauye, ta ce ya daka ɗanyar albasa da gishiri ya shafa, ba za a ga bororo ba. Likitan jami'a da dariya zai yi mata. Fare ya gwada, ya ga inda albasa ta taɓa bai yi bororo ba. Bai gamsu ba tukuna. Da aka kawo masa wani soja wanda albarushi ya ƙone wa fuska, sai ya shafa albasa a gefe guda, ya sa maganin da aka saba a ɗaya gefen, don ya ga wanda zai fi. Gefen albasa ya fi. Amma kada waninku ya ce zai gwada a gida. Maganin ƙuna na fari yanzu shi ne a yi ta zuba ruwan sanyi mai tsabta, sa'an nan a kai mutum asibiti.

Ba kowane abin da ya tsinto ne mai amfani ba. Akwai wani likita a Turin da ya yi suna da wani mai na asiri. Fare ya yi shekara biyu yana lallashinsa da kyautai kafin ya gaya masa sirrin. Ashe 'yan kwikwiyo sabbin haihuwa a ke dafawa cikin mai, tare da tana. Fare ya yi murna, ya yi ta aiki da shi shekaru. Ko mai kaifin ido ya kan ruɗu.

Da Montejan ya mutu sai Fare ya koma Faris. A shekara ta 1541 ya ci jarrabawa ya zama cikakken wanzami mai zaman kansa, ya kuma yi aure. Wani malamin jami'a mai suna Sylvius ya ji labarin man da ya ƙare, ya ƙarfafa shi ya rubuta. Littafin ya fito a shekara ta 1545, ɗan ƙarami, a kan jiyyar raunin bindiga. Da Faransanci ya rubuta shi, don shi kaɗai ya iya. Rashin Latin ɗin nan sai ya zama alheri, gama wanzaman da ke bin runduna, waɗanda su ne ke taɓa masu rauni, sun iya karanta shi.

Ya sake fita yaƙi sau da yawa. A shekara ta 1542, a garin Perpignan, aka harbi shugaban masu igwa na Faransa a kafaɗa. Manyan likitoci suka yi ta lalube ba su sami harsashin ba, suka ce ya shige cikin ƙirji. Fare ya roƙi mutumin ya tashi ya tsaya yadda ya ke sa'ad da harbin ya same shi, da mashi a hannu. Da tsayawarsa sai Fare ya bi hanyar da harsashin ya kamata ya bi, ya taɓa wani ɗan kumburi ƙarƙashin allon kafaɗa. Nan aka tsaga aka cire shi.

Babban aikinsa na biyu ya shafi yanke gaɓa. In igwa ta ragargaza ƙafar mutum, ba makawa sai a yanke ta, in ba haka ba ruɓa ta hau jiki ta kashe shi. To, in an yanke, jini ya kan yi ta tsartuwa daga manyan jijiyoyi, in ba a tsai da shi da sauri ba mutum ya mutu nan take. Abin da a ke yi shi ne lalas. A sa ƙarfe a wuta ya yi ja wur, a manna a kan dungun, nama ya ƙone ya toshe jijiyoyin. Azabar ba ta faɗuwa. Har wa yau, bayan 'yan kwanaki ɓawon ƙunar ya kan ɓamɓare, jini ya sake ɓallewa.

Fare ya yi tunani, in ana iya ɗaure bakin salka da igiya ruwa ya tsaya, me zai hana a ɗaure bakin jijiya? Ɗaurin jijiya ba shi ya fara shi ba. Likitocin Rum sun san shi, Abul Ƙasim Azzahrawi na Ƙurɗuba, a ƙasar Andalus, wanda ya rasu wajen shekara ta 1013, shi ma ya yi bayaninsa. Amma wajen yanke gaɓa ƙarfen wuta ne kowa ya dogara da shi. A shekara ta 1552, sa'ad da rundunar Faransa ta kewaye garin Damvillers, harsashin igwa ya keta wata laima ya fasa ƙafar wani bafade. Fare ya yanke ƙafar, ya bar ƙarfen a cikin wuta bai taɓa shi ba. Ya sa wani ɗan awartaki mai kama da bakin hankaka ya jawo bakin kowace jijiya, ya ɗaure ta da zare. Jini ya tsaya. Mutumin ya warke, ya koma gida da ƙafar katako, yana murna ya tsira daga wuta. A cikin shekaran nan Sarki Hanri na Biyu ya sa Fare cikin likitocinsa.

Ƙarshen shekarar abokan gaba suka yi wa birnin Metz zobe. Masu rauni a ciki suna ta mutuwa, har ana zaton an sa wa magunguna guba. Sarki ya aiki Fare da sababbin magunguna, aka saci hanya aka shigar da shi da tsakar dare ta tsakanin sansanin maƙiya. Sojan da ke ciki suka yi murna ƙwarai da ganinsa. Da shekara ta kewayo aka kama shi a garin Hesdin. Ya tuɓe kyawawan tufafinsa ya sa tsumma, don kada a gane shi a ɗora masa fansa mai yawa, amma aikin hannunsa ya tona shi. Suka nemi ya koma wajensu, ya ƙi. Daga bisani wani hakiminsu mai tsohon gyambo a ƙafa ya yi alkawarin sakinsa in ya yi masa magani. Gyambon ya kama warkewa, aka sallame shi ba fansa. A shekara ta 1554 likitocin fiɗa masu dogayen riguna suka karɓe shi cikin ƙungiyarsu, ko da ya ke bai iya Latin ɗin da a ke jarrabawa da shi ba. Likitan sarki ne, ba dama a ƙi shi.

Ba kullum ya ke cin nasara ba. Ran 30 ga watan Yuni, 1559, Sarki Hanri yana wasan sukuwa da masu, sai mashin abokin karawarsa ya karye, tsinken ya shiga ta ƙofar kwalkwali ya soke shi wajen ido. Aka tara likitoci, har da Fare. Aka kuma aiko da wani babban masani daga birnin Burasal, sunansa Vesalius. Duk iyakar ƙoƙarinsu suka yi, sarki ya mutu ran 10 ga Yuli.

Vesalius ɗin nan ya isa a san shi. Shi malamin jami'a ne, amma ya sauko daga kujera ya riƙa feɗe gawa da hannunsa. A shekara ta 1543 ya buga babban littafi mai zane-zane a kan ƙirar jikin mutum, ya nuna Jalinus ya yi kuskure a wurare da yawa, gama birai da waɗansu dabbobi ya feɗe, ba mutane ba. Misali, Jalinus ya ce muƙamuƙin ƙasa ƙashi biyu ne, alhali na mutum guda ɗaya ne. Littafin da Latin ya ke, ga tsada. Fare ya nemi a bayyana masa abin da ke ciki, ya zuba shi cikin nasa littafin na Faransanci a shekara ta 1561, don wanzami ya san abin da ke ƙarƙashin fata kafin ya sa aska.

A shekaran nan doki ya harbe shi ya karya masa ƙafa, har ƙashi ya huda fata. Irin wannan karaya a zamanin yawanci sai yankewa. Yana kwance ya riƙa gaya wa mai ɗorin abin da zai yi, ya warke sarai. Ya zana hannuwa da ƙafafu na ƙarfe masu lanƙwasawa, wani maƙerin makullai na Faris ya ƙera wa guragun yaƙi. Ya kuma raya wata tsohuwar dabara ta juya jariri a ciki in ya zo a gicciye, ya koya wa almajiransa. Ɗaya daga cikinsu, Guillemeau, da ita ya ceci ran 'yar Fare wajen haihuwa, bayan mutuwar uban. Duk da wannan suna, in majinyaci ya warke Fare ba ya karɓar yabon. Ya ɗauki kansa mai wankewa da ɗaurewa kurum, warkarwa kuwa ya bar wa Allah.

Sarakunan Turai na zamanin nan suna tsoron guba ƙwarai, saboda haka su kan sayi magungunan tsari da kuɗi masu yawa. Akwai wani dutse da a ke samu a tumbin awakin dutse na ƙasashen gabas, wai yana karya kowace irin guba. Aka kawo wa Sarki Sharl na Tara guda ɗaya. Ya tambayi Fare, Fare ya ce ba zai yiwu abu ɗaya ya karya dukan guba ba, tun da ya ke kowace da irin aikinta a jiki. Sai aka shirya gwaji. Akwai wani kuku a kurkuku da aka yanke wa hukuncin rataya don ya saci akussan azurfa biyu. Aka ce masa in ya yarda ya sha guba, sa'an nan ya sha dutsen, in ya rayu an yafe masa. Ya yarda. Ya yi wajen sa'a bakwai cikin matsananciyar azaba, ya mutu. Sarki ya sa aka jefa dutsen a wuta. Gaskiyar Fare ta fito, amma wannan gwaji mugun abu ne, ba ya cikin ayyukan da za a yabe shi a kansu. Dokar likitoci ta yanzu ta hana a yi wa ɗan Adam haka, ko da ɗan sarƙa ne.

Da ya tsufa, a shekara ta 1582, ya rubuta a kan waɗansu magunguna biyu da attajirai ke ji da su. Ɗaya garin busassun gawawwakin mutanen Masar na dā ne, wanda a ke ba wanda ya faɗo daga bisa ya sha. Fare ya ce ya ga an ba mutane da yawa, bai ga abin da ya yi musu ba sai ciwon ciki da amai. Ɗayan kuwa ƙahon wata dabba ne, wai mai kama da doki, da ƙaho ɗaya a goshi, ana sayar da shi fiye da tsadar zinariya. An ce abu mai dafi ba ya iya kusantarsa. Fare ya jiƙa ƙahon, ya zana da'ira da ruwan a kan tebur, ya sa gizo-gizo a tsakiya. Suka ƙetare abinsu. Daga baya aka tabbatar ƙahon nan haƙorin wata dabbar teku ne, ta can arewa inda ƙanƙara ta ke.

Likitocin jami'a ba su ji daɗin wannan wanzami ba. Da ya tara rubuce-rubucensa cikin babban littafi guda a shekara ta 1575, suka kai ƙara don a hana sayar da shi, suna cewa ya shiga gonar da ba tasa ba, ya kuma tona asirin magani cikin harshen da kowa ke ji. Ba su ci nasara ba. Wani babbansu mai suna Gourmelen ya rubuta yana zargin ɗaurin jijiya, ya ce a koma ga ƙarfen wuta na magabata. Fare ya ba shi amsa a shekara ta 1585. Da fari ya jera masa magabatan da suka ambaci ɗaurin, sa'an nan ya ba da labarin yaƙe-yaƙen da ya halarta ɗaya ɗaya, da mutanen da ya yi wa aiki suka rayu. Daga wannan amsa ne muka san yawancin labarin da kuka karanta a nan.

Sai dai a faɗi gaskiya, maƙiyansa ba su rasa hujja ɗungum ba. Ɗaurin jijiya yana cin lokaci, cinya kuwa jijiyoyinta da yawa, ga mutum a farke yana ihu, jini yana zuba. Zaren kuma ya kan shiga da datti, miki ya yi mugunya. Saboda haka likitoci da yawa suka ci gaba da lalas shekaru masu yawa bayan Fare. Dabararsa ba ta zauna sosai ba sai da aka sami waɗansu abubuwa da bai sani ba. A shekara ta 1628 wani likitan Ingila, Harvey, ya nuna zuciya ce ke tura jini yana kewaya jiki yana komowa. A shekara ta 1846 aka nuna maganin sa barci wajen fiɗa a birnin Boston na Amurka. A shekara ta 1867 Lister ya koya wa likitoci kashe ƙwayoyin cuta a hannu, da kayan aiki, da miki. Fare kansa har ya mutu yana gaskata maganar ruwa huɗu, yana tsaga jijiya, ya kuma rubuta littafi cike da labarun dodanni waɗanda bai taɓa gani ba.

Ƙarshen zamaninsa ya zo cikin yaƙin basasa. A shekara ta 1590 aka kewaye birnin Faris wata da watanni, abinci ya ƙare, dubban talakawa suka mutu da yunwa. Fare yana da shekara wajen tamanin. Ran nan ya gamu da Babban Limamin Kirista na Liyon a bakin wata gada, ɗaya daga cikin manyan da ke riƙe da birnin, mayunwata sun kewaye shi suna kuka. Tsohon ya tsaya gabansa a bainar jama'a, ya roƙe shi don Allah ya ji tausayin mutanen nan ya nemi sulhu. A lokacin nan maganar sulhu tana iya jawo wa mutum kisa. Limamin ya saurare shi, bai tsauta masa ba. Ba a daɗe ba rundunar taimako ta iso, aka janye zoben.

Fare ya rasu a gidansa a Faris ran 20 ga watan Disamba, 1590. Tun yana da rai, a shekara ta 1582, aka juya littattafansa zuwa Latin, don malaman jami'o'in Turai su iya karanta su. Bayan mutuwarsa aka juya su zuwa harshen Holan da Jamusanci, aka kuma buga su da Ingilishi a shekara ta 1634. Fataken Holan suka kai su har ƙasar Japan, inda wani tafinta mai suna Narabayashi ya ɗauki zane-zanensu ya shirya wa mutanensa littafin fiɗa a shekara ta 1706.